Taɓaryar Iya Shekara

A zamanin da dajin Gurmai bai san gatari ba, fari ya koro wani ayari daga arewa, gida goma sha biyu. Jagoransu maharbi ne, Barmo, mai kirarin "Barmo dodon dawa, harbi ɗaya fiɗa ɗaya." Suka iske tafki guda tak a dajin, amma wani baƙin ɓauna ya kafa ya tsare. An ce tsuntsaye har sheƙa suke yi tsakanin ƙahonninsa.

Ga ƙishirwa, ga ƙotar bindigar Barmo ta tsage a hanya. Cikin gaggawa ya sare ɗanyen reshe ya sassaƙa wata, ya ɗaure bakin ƙarfen a kai. Kwana biyu rana na dukanta. Ya harba, harsashi ya bi hagu. Ya sake, ya sake bin hagu, ɓauna ya tattake masa kare. Wayyo, hankalin kowa ya tashi! Salkuna sun bushe, jarirai sun daina ko kuka, albarushi kuma saura ɗuri ɗaya. Maza suka ce dabbar nan asiri gare ta.

Wata tsohuwa, Iya Shekara, ta karɓi bindigar ta kanne ido ɗaya ta duba tsawonta.

"Asirin me? Barmo, ɗanyen icce ka sa. Ya bushe ya karkace, ya ja bakin gefe."

"To Iya, ina zan sami busasshe yau?"

Ta kwance kayanta ta fito da taɓaryar ƙirya, wadda ta gada wurin uwarta, shekara arba'in tana daka. Ita kaɗai ta rage mata daga gida. Ta miƙa masa ta juya baya, don kada ta ga an sa mata gizago.

Da hantsi Barmo ya durƙusa gaban tafkin. Sabuwar ƙotar da ya sassaƙa da taɓaryar ta yi nauyi, ta zauna daram a kafaɗarsa, ba ta rawa. Ɓauna ya taso. Barmo ya jira, ya jira, har ya ga jan idonsa, sannan ya saki.

Nan ɓauna ya faɗi, taku bakwai tsakaninsu.

A bakin ruwan aka kafa garin Gurmai. Har yau maharbin garin ba ya sare icce don ƙota. Sai ya je ya durƙusa gaban wata tsohuwa ya roƙi taɓaryarta, kuma duk naman da ya kaso, cinyar farko tata ce.