Simintin da Ya Daskare Kafin Lokacinsa

Akwai wani mai gwajin siminti a kamfanin haƙar mai, abokan aikinsa suna kiransa Sai-na-gani, don ko rantsuwa ka yi masa sai ya gwada. Yayansa ne shugaban masu haƙa, mutum mai saurin hannu da saurin fushi.

An gama haƙa wata rijiya mai zurfin gaske, saura a tura siminti ta cikin bututu ya sauka ƙasa ya riƙe bangonta. Idan ya daskare a hanya, rijiyar ta toshe, aikin Yaya kuma ya tafi da ita.

Motocin siminti sun yi layi, Yaya ya faɗo ɗakin gwaji ko sallama babu.

"Kai, haɗin da muka zuba a waccan rijiyar ne fa. Me kuma za ka gwada?"

"Yaya, wannan ta fi waccan zurfi. Ka ɗan zauna mana."

Sai-na-gani ya dama haɗin ya raba biyu. Rabi ya zuba a kofi ya ajiye cikin ruwan zafi. Rabi ya rufe a tukunyar ƙarfe mai matse siminti kamar yadda ƙasan rijiya ke matse shi. Zafinsu ɗaya, matsi ne kawai bambancin.

Yaya ya zauna yana huci. Amma shi ma ɗan son ganin ƙwaƙwaf ne, gadon gidansu ne. Can sai ga shi ya ɗauki cokali yana juya na kofin.

"Ka gani? Ruwa tsululu. Ɓata mana lokaci kawai kake yi."

"Duba allurar can, Yaya."

Allurar tukunyar, mai nuna kaurin siminti, tana ta hawa. Da aka sauke matsin aka buɗe, cokali ya ƙi shiga. Lokacin da ya ɗauka kafin ya daskare bai kai wanda ake bukata a tura simintin ƙasa ba.

Yaya ya taɓa wannan, ya taɓa wancan.

"Buhu ɗaya, ruwa ɗaya. To me ya same shi?"

"Matsi yana sa shi saurin kamawa. A gyara haɗin, a ƙara maganin da ke jinkirta shi, mu sake gwadawa."

Ni abin da ya burge ni, ƙanen bai ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma da ni ne da na faɗa.

Yaya ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon motocin. Sannan ya kira babban direba ya ce a kashe injuna. Ya jawo kujera kusa da tukunyar.

"Dama wani. Wannan karon ni zan duba allurar."

Darasi: Abin da ka gani a sarari ba lallai shi ne halinsa idan matsi ya hau kansa ba, siminti ne ko mutum. Ka yi haƙuri da mai cewa a gwada tukuna. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku mai gaggawa, kun san shi.