Malam Dawo-Gobe da Gonar Mahaifinsa

Akwai wani ma'aikaci a tashar jiragen ruwa da ake yi wa laƙabi da Dawo-Gobe. Aikinsa buga hatimi a takardar kayan da za a fitar waje, aikin da ko yaro zai iya. Amma in ba ka shafa masa hannu ba, sai ka ga tsiya.

Wata rana wata hajiya mai ƙaramin kamfanin fitar da mangwaro ta tsaya gaban teburinsa.

"Ranka ya daɗe, na biya mota, na biya 'yan shingen hanya, ga kuɗin firjin kwantena kullum yana hawa. Takarduna sun cika. Jirgi jibi zai tashi."

Ko kallonta bai yi ba, yana ta latsa waya.

"Hajiya, ba ki da hannu ne? Dawo gobe."

Ta dawo gobe, ta dawo jibi. Jirgi ya tafi, mangwaro ya ruɓe, mai saye ya koma wata ƙasar. Kamfanin ya rufe. Shi kuwa gogan ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Da ya samu hutu ya tafi gida gaida mahaifinsa. Tun daga nesa ya hango ɓarnar. Gonar mangwaron da aka yi masa karatu da ita ta zama fili, sai kututture da buhunan gawayi.

Tsohon na zaune a kan wani kututture, ya rame.

"Baba, wa ya sare itatuwan?"

"Ni na sare, da hannuna. Hajiyar da ke saye a wurinmu ta karye. Masu kawo mota gona sun daina zuwa, muna kallo yake zuba yana ruɓewa. An ce wani marar imani ne a tashar ruwa ya danne takardarta."

Tsohon ya ɗaga hannu sama.

"Allah Ya isa tsakanina da shi! Yadda ya hana ni cin gumina, Allah Ya hana shi cin nasa."

Ya juyo ya dubi ɗansa.

"Ka ce amin mana."



Darasi: Duk kayan da ka tsare a hanya don kwaɗayi, abincin gidaje da yawa ka tsare, wataƙila har da naku. Ku tura wa duk mai riƙe da hatimi ko shinge, ko Allah Zai sa ya ji tsoro.