Dila da Fiffiken Sakaina

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya naɗe ƙafarsa.

Ta zo mu ji ta, mun naɗe.

Wata shekara yunwa ta koro Dila daga daji. Ya yi ta tafiya kudu, ya yi ta tafiya, har ƙasa ta ƙare, ruwan gishiri ya soma. Nan ya tarar da ƙauyen masunta.

To, a tekun nan akwai wani kifi, shak ake ce masa. Tsawonsa ya kai na mutum, haƙoransa kamar zarto, fiffiken bayansa kuma baƙi ne a tsini, sai ka ce an tsoma shi a tawada. Ba kifin ake fara gani ba. Fiffiken ake gani yana yanka ruwa, shiru, babu ko ƙara.

Dila na laɓe, mata na wanke kifi a ruwa iya gwiwa, sai fiffike ya ɓullo. Suka watsar da kwanduna, suka ruga. Dila ya lashi baki.

Ya samo sakaina ya feƙe ta, ya shafa baƙin tukunya a tsinin, ya ɗaura a ka. Ya nutse, hanci kaɗai a waje. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta hango, ta jefar da kwando ta bar zanenta a ruwa. Dila ya ci. Gobe haka, jibi haka. Yara suka daina wanka, mata suka daina kusantar gaɓa, tukwane suka bushe.

Baba Barau, babban masunci, ya ce, "Kifin nan tun kakanni shi ke gudun mutum. In ya ciji ƙafa, ƙarnin kifi ne ya ruɗe shi. Wannan mai bin mata har gaɓa, ni da shi ne." Ya zauna wasa mashi.

Shi kuwa Dila, abin ci ya daina isarsa, sai da guzuri. Ran nan da hantsi ya jera kifayen da ya ƙwace a igiya, ya ɗaura a ƙugu, ya nufi maɓoyarsa bayan duwatsu. Jini na bin sa a ruwa, bai sani ba.

Ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa. Sai wani abu mai kaushi ya goge shi. Ya waiga, fiffike. Ya dubi dama, fiffike. Ya dubi hagu, fiffike. Suna zagaya shi, zagayen yana matsewa.

Babban cikinsu ya ɗago baki ya ce, "Yaro, ɗan wa ne kai?"

"Kawu, ɗan ƙanwarka ne ta arewa."

"Mu ba mu da gashi."

"Sanyi ake yi a can, Kawu."

"Mu ba mu da ƙafa."

"Ruwan can yana ƙafewa da rani, Kawu."

"To, me ya sa kake ƙamshin abinci?"

Dila ya ɗaga ido neman tsira, sai ga kwalekwalen Baba Barau, mashi a sama, an saita shi daidai kan sakainar.

Ƙasa haƙora, sama mashi. Dila ya datse igiya, ya sake kifayen. Ruwa ya tafasa. Shak suka haukace, suna tsalle sama suna juyawa kamar katantanwa, wani cikin ruɗewa ya tafi da rabin wutsiyar Dila.

Dila ya fizge sakaina ya ce, "Baba, ni ne, ka cece ni!"

Baba ya damƙo wuyansa ya jefa shi cikin jirgi. Ya dubi igiyar da ke kan Dila, ya dubi baƙin tukunyar goshinsa.

Dila ya ce, "Leƙen asiri na je yi muku, Baba."

"Madalla. Za ka yi wa Inna Tabawa bayani."

Ga ta can bakin gaɓa da taɓarya, mata a bayanta. Da jirgi ya kusa yashi, Dila ya zaro ido ya yi ƙasa da murya.

"Baba, kada ka waiga. Babban ya biyo mu."

Baba ya waiga. Mata suka waiga. Dila ya daka tsalle, ya bi ta tsakanin ƙafafun Inna Tabawa, ya nufi arewa da guntuwar wutsiya. Har yau ko ganye ya gani yana yawo a kududdufi, sai ya haƙura da ƙishinsa.

Ƙurunƙus kan kifi busasshe. Duk wanda zai je gaida dangin ƙarya, ya wanke ƙarnin jikinsa tukuna.