Sadiƙin Hamad

Akwai wata tsohuwa a unguwar Hindawiyya ta Jidda, Hajiya Ikilima, mai ɗa guda, Nuraddeen, da jika guda, Hamad. Nuraddeen ya yi aikin shekara biyu a Turai, ya dawo Jidda da surutu kamar shi ya fara hawa jirgi. Wannan bakin nasa ne ya kusa cinye idanun ɗansa.

Wata Juma'a ana cin kabsa, sai ya ɗaga waya yana nuna musu gardamar da ake yi a wata ƙasa, wai a rage shekarun da ake barin matasa su sha giya, daga ashirin da ɗaya zuwa sha takwas.

Ya ce, "Ni ba na sha, Hajiya, amma suna da gaskiya. Ɗan sha takwas ai namiji ne. Yana tuƙi, yana aiki. A bar shi ya zaɓa wa cikinsa."

"Rufe min baki, Nura! Nan ko ɗan tamanin bai isa ba. A gaban yaro kake wannan maganar banza?"

"Halas, shi ke nan, ya ummi, hira ce kawai."

Hamad, ɗan sha tara, yana ta loma. Kunnensa kuwa ya riga cikinsa ƙoshi.

Ba a yi wata biyu ba yaro ya tsiri fita kowace Alhamis da la'asar. In kakarsa ta ce ina za shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Wajen sadiƙi, ya sitti."

To, Larabcin Hajiya na kasuwa ne da masallaci. Ta san sadiƙi aboki ne. Ba ta san haka 'yan iska ke kiran giyar da ake dafawa a ɓoye a ɗura a robar ruwa ba. Baiwar Allah, har sambusa take ƙulla masa a leda.

"Ka gaishe shi. Ka ce ya zo in gan shi mana."

Wata safiya ta ji Hamad yana kakarin amai, ta shiga ɗakinsa.

"Sitti, kunna fitila."

Rana kuwa ta cika ɗakin fal.

A asibiti likita ya haska idon yaron, ya juyo. "Me ya sha jiya? Ku faɗa min yanzu. Kowane minti ganinsa raguwa yake."

Nuraddeen ya ji warin giya a rigar yaron tun a mota, ya gane sarai. Amma sai ya tuna 'yan sanda, ya tuna kafili, ubangidan da ya tsaya musu, ya tuna iƙamarsu, takardar izinin zama a ƙasar.

"Ba komai, diktor. Ƙila shawarma ce ta ɓata masa ciki."

Hajiya ta ture shi gefe da gwiwar hannu, ta haɗo guntun Larabcinta. "Ku nemo sadiƙin nan! Jiya wajen sadiƙi ya je. Shi ya san abin da ya ba shi!"

Likita ya ajiye biro. Bai ƙara tambayar kowa ba, ya ce a gudu da yaro wankin jini.

Wata nas 'yar Sudan ce ta ja Hajiya gefe ta fassara mata kalmar da Hausa, ta ce wani lokaci guba ake haɗawa a ciki, mai kashe ido. Tsohuwa ta dafa bango. Sannan ta nufi ɗanta.

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, likita na tambaya, ka ce shawarma?"

"Hajiya, iƙama..."

"Iƙama gani take yi? Ita za ta kama masa hannu ta tsallakar da shi titi? Tir! Ni jahilci ya rufe ni. Kai fa, mai Turai, me ya rufe ka?"

Bayan kwana huɗu idon hagu ya dawo. Na dama bai dawo ba har yau. Likita ya ce da an ƙara awa guda, da duka biyun sun tafi.

Ranar da aka sallame shi, Hajiya ta zauna a hagunsa tana shafa masa kai. Uban ya shigo ya tsaya a dama, hawaye na zuba, yana jira ɗansa ya kalle shi. Hamad bai san yana wurin ba.

Hajiya ta gan shi. Ba ta ce ya zagayo ba.

Darasi: 'Ya'yana, abin da babba ya kira hira, yaro izini yake ɗaukarsa. Ku auna magana a gaban 'ya'yanku, ku san su waye abokansu da idonku, kuma in rai na hannun likita kada tsoro ya sa ku yi masa ƙarya. Ku tura wa duk mai ɗa saurayi a gida, tun ba a kai ga asibiti ba.