Motar da Aka Auna da Kaya a Cikinta

Akwai wani magidanci a wani gari, shi ne auta a ɗakin uwarsa. Har furfura ta fito masa, Auta ake ce masa. Ubansa ya rasu ya bar masa mota, tsohuwa, irin ta zamanin da, mai ƙarfe mai kauri da zagayayyun fitilu. Mutane sun nemi ya sayar, ya ƙi. Ya riƙe ta da kyau, yana wanke ta da hannunsa.

Wata rana ya je birni, ya ga masu son tsofaffin motoci sun canja wa nasu sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da jikin mota a kan tayoyi. Sun cire dogo sun sa gajere, motocin suka yi ƙasa, suka yi kyan gani. Abin ya shiga ransa. Ya sa aka yi wa tasa haka. Da ya dawo gida, duk inda ya bi sai an juyo an duba. Ya ji daɗi ƙwarai.

Uwarsa tana zaune a gidansa. Ta tsufa, ƙafafunta sun ƙi, ba ta iya hawa babur ko babbar mota. Da kaka ta gabato, sai ta kira shi ta ce, "Auta, bana ka kai ni gida, ƙauyenmu, in yi sujadar godiya a cocinmu. Ka kai ni a motar ubanka. Ban sani ba ko zan ga wata kakar."

Ya ce, "To, Mama. Zan kai ki."

Hanyar ƙauyen nan ba kwalta. Manyan motoci sun haƙa ta gefe da gefe, sun bar tudu a tsakiya. Akwai kuma rafi a hanya, da dutse a tsakiyar mashigin. Babu gida kusa da wurin, babu inuwa.

Ana sauran 'yan kwanaki tafiyar, ya kai motar gareji a canja mata baƙin mai. Mai garejin, Irimiya, ɗan kawunsa ne, taubashinsa, tun suna yara ba sa raga wa juna. Irimiya ya fito yana goge hannu, ya tsaya ya dubi motar.

Ya ce, "Auta, wa ya karya mata ƙafafu?"

Auta ya ce, "Kai dai canja mai. Ina bawa ya san ado?"

"Au, ado ne? Na ɗauka durƙusawa ta yi tana neman gafara. A wannan za ka ɗauki Gwaggo?"

"A ita. Na auna ta. Yatsuna huɗu suna shiga tsakanin taya da ƙarfen da ke samanta."

"A ina ka auna?"

"A ƙofar gidana."

"Ƙofar gidanka da ko ƙwarya aka ajiye sai ta gangara? Yaushe?"

"Ran da aka sa."

Irimiya ya ce, "Sabon sifirin ba ya faɗin gaskiya ran da aka sa shi. Sai ya yi tafiya, ya sha hanya, sa'an nan ya kwanta ya zauna inda zai zauna. Kawo ta nan."

Suka tura motar kan daɓen siminti, inda babu tudu babu gangare. Irimiya ya duba iskar tayoyin, ya daidaita. Ya danna kowace kusurwa ya saki, suka tura ta gaba suka dawo da ita baya don ta zauna da kanta. Sa'an nan ya ɗauki tef ɗin awo, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke sama. Ya kwanta ƙasa, ya dunƙule hannu, ya sa ƙarƙashin kaskon da ke riƙe da man inji. Hannun ya shiga, da ɗan sauran wuri.

Ya ce, "Ta sauka fiye da yadda ka sani. Amma a haka, za ta wuce dutsen rafi."

Auta ya ce, "Ka gani? Bawa ya sha kunya."

"Shiga ka zauna."

Auta ya shiga wurin direba. Aka kira wani dattijo da ke jiran gyaran kekensa, ya zauna a gaba a madadin tsohuwar. Irimiya ya sake awo. Ta ƙara sauka kaɗan, amma hannu yana shiga.

Auta ya leƙo ta taga ya ce, "Shi ke nan. Mu biyu ne za mu tafi, da jaka ɗaya."

Irimiya ya ce, "Ku biyu za ku tafi. Ku nawa za ku dawo?"

Auta ya dube shi.

Irimiya ya ce, "Gwaggo ta yi shekaru ba ta taka gida ba. Ga shi lokacin kaka ne. Kana tsammani za su sallame ta hannu banza? Babana kaɗai sai ya ba ta buhun dawa. Ƙannenta za su kawo doya. Matan zumunta na coci za su kawo gyaɗa da kabewa. Wani zai jawo akuya. Kuma ba za a rasa wata tsohuwa da za ta ce a rage mata hanya zuwa asibiti ba. Ka auna motar da za ta tafi. Ba ka auna wadda za ta dawo ba."

Sai ya buɗe but, wurin zuba kaya a bayan motar, suka zuba buhunan yashi da ke gefen garejin. Ya ɗaga murya ya kira mai abincin da ke bakin ƙofa, mace mai jiki, ya ce, "Maman Keziya, zo ki zama doya."

Ta ce, "Ni ce doyar? In ni doya ce, kai busasshen rogo ne."

"Na yarda. Shiga baya, Gwaggo muke yi wa."

Da ta ji don tsohuwar ne, ta ajiye ludayi, ta gyara zani, ta shiga. Motar ta yi ƙara, ta zauna. Irimiya ya sa tef. Babu abin aunawa a baya, ƙarfe ya kusa taɓa taya. Ya kwanta ya kai hannu ƙarƙashin kaskon man. Dunƙulen hannu bai shiga ba. Ya kira Auta ya ce, "Sauko ka gani da idonka."

Auta ya sauko, wani ya zauna a wurinsa. Auta ya kwanta a kan simintin da farar rigarsa, ya duba. Ya daɗe bai tashi ba. Ya san dutsen rafin nan. Ya san in ya bugi kaskon, mai zai tsiyaye, inji ya mutu, tsohuwa mai ciwon ƙafa ta zauna a rana a inda babu mai taimako.

Irimiya bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Abu biyu ne. Ko ka ce wa dangi ba ka karɓar kayansu, ko a mayar mata da dogon sifirin."

Na farkon ba mai yiwuwa ba ne, dukansu sun sani. Ba a mayar wa dangi kyauta a gaban uwa. Za a ce ɗanta ya fi ƙarfinsu, kunyar kuma a kanta za ta sauka, a ranar da ta zo yin godiya.

Auta ya tashi, ya zagaya motar yana kallonta. Yana son yadda take. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Cire."

Ya je gida ya kwaso tsofaffin sifirin daga zaure. Aka mayar. Ya yi yawo da ita a gari don ta zauna, ya dawo aka sake awo da yashi da mutane a ciki. Maman Keziya ta ce wannan karon kabewa ce ita, ba doya ba. Hannu ya shiga ƙarƙashi, har da saura. Waɗanda suka yabi motar a da suka ce masa, "Ai ka ɓata ta."

Ya kai uwarsa gida. Aka riƙe ta har gaban coci ta miƙa baikonta na godiya, ta yi waƙa tare da matan zumunta da ƙaramar muryarta. Da za su dawo, dangi suka cika motar. Abin da Irimiya ya faɗa duka ya zo, har da kaji da bai ambata ba. Auta bai ƙi ko ɗaya ba. Yana karɓa yana godiya.

A bakin rafi ya tsaya, ya sauko, ya dubi dutsen, ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya koma ya shiga ruwan a hankali. Suka haye. Babu abin da ya taɓa.

A ƙetare tsohuwar ta ce, "Tsaya, mu yi addu'a."

Ya ce, "Mama, ki sa Irimiya a ciki."

"Me ya yi?"

"Ya ɓata mini mota."

Ta ce, "Na ga ta miƙe tsaye. Da ma ban so in yi magana ba ne. Ubanka bai taɓa tuƙa mota tana jan ciki ba. Rufe ido." Ta yi godiya don hanya, don dangi, don ɗan ɗan'uwanta, akuya tana kuka a baya har aka ce amin.

Ma'anar wannan misali ita ce. Motar nan ita ce ranka. Gajeren sifirin shi ne duk abin da ka canja a zamanka don mutane su juyo su dube ka. Ba lalle ya zama mugun abu ba. Amma yana rage abin da za ka iya ɗauka, ba ka kuwa sani ba.

Kowa yana auna kansa. Yawancinmu a ƙofar gidanmu muke yin awon, inda ƙasa ta karkata wajenmu, a ranar da komai sabo ne, ba kaya a kanmu. A nan kowa mai haƙuri ne, kowa mai bangaskiya ne. Daɓen simintin shi ne Maganar Allah. Ba ta karkata don kai, ba ta karkata don maƙwabcinka. Ka tsaya a kanta a auna ka.

Ku lura da kayan da suka kusa kayar da motar nan. Ba wahala ba ce. Doya ce da dawa, alherin dangi ne. Mun iya shirin wahala, amma ba ma shirin albarka, alhali ita ma tana da nauyi. Allah ya ba ka 'ya'ya, nauyi ne. Ya ba ka aiki, ya ba ka matsayi a ikkilisiya, ya bar maka iyaye har suka tsufa a hannunka, duk alheri ne, duk kuma sai an ɗauka. Na ga mutane da suka jure rashi, samu ya karya su. Wanda ya gina ransa don kallon mutane, ran da Ubangiji ya cika masa mota, ko ya ƙi kyautar, ko ya fashe a rafi da waɗanda ya ɗauko.

Saboda haka mu gode wa Allah da yake auna mu tun muna gareji. Ba ya jira sai mun kai rafi. Yakan aiko da mutum. Sau da yawa ba Fasto ba ne. Ɗan'uwa ne mai kaifin baki, ko matarka, ko abokin da ba ya jin tsoronka. Maganarsa ba ta yi maka daɗi ba. Ta sa ka kwanta a ƙasa ka ga abin da ba ka so ka gani. Wataƙila har yau kana jin haushinsa, kana kuwa tafiya lafiya a kan gyaran da ya sa ka yi.

Kowannenku yana da irin wannan mutum. Tun ina magana ka riga ka tuna da shi. Ka gode wa Yesu dominsa yau. In kuma yana da rai, kada makon nan ya ƙare ba ka je ka same shi ba. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce masa, "Na haye. Na gode."