Ranar da Yak Katse Gaisuwar Labbo

An yi wani mutum nan Birnin Kebbi, mai magana a gidan rediyo. Ba ni faɗin sunanshi. Uwarshi na da rai, kuma ta zo min gaisuwa sadda maigidana yar rasu.

Ya 'yan uwa mata, ku gyara zama, ku aje wayoyin nan. Ni ban yi boko ba, amma abin da kunnena yaj ji ba shi ɓacewa.

Shirinshi na safe ne, mutane su bugo waya a yi hira. Me yas sa munka so shi? Muryarshi ba ta fi ta kowa daɗi ba. Haƙurin saurare gare shi. Tsoho ya bugo ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, shi ko shina amsawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ki faɗi sunanki ya gane murya: "Asiya ta Gwadangaji, ya ƙafar taki?" Masu albasa, masu Keke Napep, har Cecilia mai ɗinki ta bayan gidanmu, kowa rediyo na kunne.

Cikin masu bugowa akwai wani tsohon masunci na Argungu, Labbo. Shina da turke da yak kafa bakin gulbi. In damina ta yi nisa, kullum sai ya bugo, ya ƙare gaisuwarshi tsaf, sannan ya ce, "Yau ruwa ya hau yatsa huɗu." Kun sani ruwan da yaw wuce Argungu mu za shi iskowa. Da maganar Labbo manoman fadamar Zauro ke sanin ko a bar shinkafa ta ƙara kwana, ko a shiga da lauje.

Sai mutumin yay yi suna. Masu manyan riguna sunka fara shiga shirin. Daga nan sai tsawa: "Minti ɗaya! Faɗi abin da yak kawo ka!" Har kwaikwayon maganarmu shike yi shina dariya, kamar ba nan anka haife shi ba.

Wata safiya, shinkafa ta kusa isa yanka, shina da babban baƙo. Ina dama kunu, na ji da kunnena. Labbo yab bugo.

"Salamu alaikum. Ɗana, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya..."

"Baba, gaisuwar nan taka ta fi gulbi tsawo! Muna da baƙo. Wani ya bugo."

Ƙit, yak kashe. Baƙon yaf fashe da dariya.

Ko sallamar bai amsa ba. Sallama fa, 'yan uwa!

Daga baya munka ji sau uku tsohon nan shina sake bugawa, ba a ɗauka ba. Me za shi faɗi? Ashe turken ya nutse gaba ɗaya.

Hodi, ɗan ƙanwata, magidanci mai 'ya'ya shida, yac ce tunda Labbo bai ce komai ba, bari shinkafa ta ƙara kwana uku ta yi ƙwari. Kwana biyu ruwa yas shigo. Da kwalekwale anka shiga gonarshi, ana laluben zangarniya ƙarƙashin ruwa. Kuma ba shi kaɗai ba.

Ruwa na Allah ne, ba mai rediyo yak kawo shi ba. Amma kwana biyun nan na yanka, wa yah hana mu su?

Ba wanda yak kira taro. Ba wanda yaz zage shi. Kowa dai yam murɗa rediyonshi wata tasha. Sai ki ji shi da safe: "Layi a buɗe yake." Shiru. "Jama'a, layi a buɗe yake." Shiru. Sai ya sa kiɗa. Masu manyan riguna sunka ɗauke ƙafa, don kunnuwanmu sunka zo nema, ba fuskarshi ba. Kafin wata damina anka ba wani mutum daban shirin.

An ce mai rediyon ya hau mota har Argungu neman gafara. Yat tarar da Labbo shina gyaran koma, ragarshi ta kamun kifi. Tsohon yag gaishe shi, ya iyali, ya gajiya, ya hanya, bai rage ko ɗaya ba. Shi ko shina tsaye, kai ƙasa, shina amsawa. Da anka ƙare, Labbo yac ce, "Ɗana, ni na yafe. Amma ba gonata ce tan nutse ba."

To gidan wa za shi fara zuwa? Gonaki nawa? Yara nawa sunka ci tuwo rabin ciki shekarar nan?

Ya 'yan uwa, girman kai ne yac ci shi. Wanda yat tsaya gaishe ki, ki tsaya ki amsa har ya ƙare. Ba ki san abin da ke bayan gaisuwar ba. Ke da ke katse surukarki tana magana, da ke nike.

Allah ya tsare mu da raina mutane. Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin da ba mu san ƙofar da za mu mayar da shi ba. Ku ce amin.