Kafaɗar Wilfred

Afiniki, Lai'atu, ku bar wankin nan ku zo ku zauna. Maganar ɗan kawunku Wilfred ce.

Wilfred yaro ne mai hannu, amma girman kai ya yi masa yawa. Daga Kafanchan ya tafi Kaduna, ya koyi wasan golf, wanda ake buga ɗan ƙaramin ƙwallo da sanda, har ya zama sana'arsa. Kocinsa Baba Ishmael ne, mutumin Kagoro, tsohon ɗan wasa. Aikinsa shi ne ya tsaya a bayan Wilfred yana kallon yadda yake juya jiki in zai buga ƙwallo.

"Kafaɗarka tana riga ƙugunka," yakan ce. "Sake."

Da Wilfred ya ci kofi, sai gyaran ya fara yi masa ciwo. Ran nan a gaban manyan mutane ya ce, "Baba, kofi nawa ka taɓa ci? Ka huta haka nan."

Tsoho ya ɗauki hularsa ya tafi.

Ba a daɗe ba ƙwallon ya fara karkata dama. Wilfred ya canza sanda, ya canza takalmi, abin sai ƙaruwa yake. Tsoro ya shige shi, amma bai gaya wa kowa ba.

Ranar babbar gasa, matarsa Edna ta zo kallo da goyo a bayanta. Ta tsaya a gindin mangwaro, ta hannun damansa. Wilfred ya hango ta. Ƙwallon nan tauri gare shi kamar dutse, kuma ya san inda yake zuwa kwanan nan. Duk da haka ya ɗaga sanda.

Daga cikin 'yan kallo ya ji muryar Baba Ishmael: "Ɗana, dakata! Kafaɗar!"

Mutane suka juyo. Kunya ta hana shi dakatawa. Ya buga.

Ƙarar da ya ji ba ta itace ba ce. Ƙwallon ya sami Edna a kunne, ta durƙusa, jini na bin wuyanta yana sauka a kan zanin goyo. Wilfred ya ruga yana kiran Yesu, ya kasa duba jaririyar. Baba Ishmael ne ya kwance ta daga bayan uwar, ya ce, "Tana numfashi. Ba a taɓa ta ba."

Edna ta rayu, amma kunnenta ɗaya ya mutu. Yanzu Wilfred yana nan gida. In ya ɗaga sanda, sai ya tuna ranar nan, ya ajiye.

Darasin a fili yake. Komai ƙwarewarka, ba ka ganin bayanka, kuma wanda ya kori mai gyara masa, na kusa da shi ne zai sha bugun. Baba Ishmael ya ce zai dawo in yaron ya nemi gafara da bakinsa, yaron kuma kunya ta rufe masa baki. Wilfred ne ke ciyar da gidan nan, ba shi da wata sana'a. Ku yayyensa ne. Ku sa shi a mota, ku kai shi Kagoro, ku sasanta su.